Baƙin Man da Ya Zuba wa Motar Auta

A bakin babban titin da ke fita daga gari, tsakanin gidan mai da rumfar mai faci, akwai wani rami da aka ɗaure bakinsa da siminti, tsawonsa ya kai na mota, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Shekara talatin da huɗu mutum ɗaya ne ke shiga ramin nan yana fita. Mai Juye kowa ke ce masa, direbobi da maƙwabta, har matarsa ma idan tana jin tsokana.

Aikin nasa, juyen man mota, a ido ba wuya. Mota ta hau kan ramin, ya sauka da sifana, ya kwance notin da ke ƙasan injin, tsohon baƙin mai ya tsiyaye cikin rabin duro, ya sake filta, ya ɗaure, ya fito ya kafa mazurari ya zuba sabo. Wani direba ya taɓa ce masa ai wannan ko makaho ya iya. Mai Juye ya goge hannu da tsumma ya ce, "Zubawa kam ko makaho ya iya. Sanin wanda za a zuba, shi ne ya cinye mini ƙuruciyata."

Gaskiyarsa ne kuwa. Yana ɗan shekara goma sha uku aka cire shi daga makaranta aka kai shi garejin manyan motoci, wurin wani maigida mai saurin hannu wanda ba ya maimaita magana. A can ya koyi lakato mai daga sandar awo, ya murza tsakanin yatsu, ya sansana, ya ce wannan ya ƙone, wannan ruwa ya shige shi, wannan yana da sauran mako uku. Lambobi yana ganewa, amma rubutu sai an karanta masa, kuma ba ya son a san haka. Abu ɗaya ya ɗauko daga garejin nan ya riƙe gam: mai kauri shi ne mai, sauran duk yaudara ce.

A zamaninsa maganar ba ta faɗi ƙasa ba. Motocin da ya tashi a cikinsu tsofaffi ne, tasi da suka sha duniya, da bas-bas masu tuƙa hayaƙi kamar ana ƙona bola. Injinansu duk sun saki. Ya zuba musu mai kauri, hayaƙin ya ragu, ƙarar ta kwanta, direba ya tafi yana sa masa albarka. Akwai lokacin da sai an yi layi a bakin raminsa, wasu direbobin har daga wancan gefen gari. Bai taɓa sayar da jabun mai ba, bai taɓa tace tsohon mai ya mayar a galan ba, ko da yake ya san masu yi. Da ramin nan ya gina ɗaki biyu da tsakar gida, ya sa 'ya'yansa huɗu a makarantar da shi bai gama ba.

Matarsa, wadda yara ke kira Inna har shi ma ya koma kiranta haka, kullum da yamma takan ajiye masa ruwan ɗumi a roba, da sabulu da soso, a gindin famfo. Ta tsaya a kansa yana dirzar hannu tana cewa, "Shekara talatin ina wanke ka, har yau ka ƙi fita. Matashin kaina ma in aka matse shi sai ya cika galan."

"To ki matse, in kai rumfa in sayar."

"Kai da ba ka sayar da tsohon mai?"

Haka suke. Manyan 'ya'yan uku suka yi aure suka watse. Aka bar Auta, malamar lissafi a makarantar sakandare, yarinya mai sanyin magana wadda tun tana ƙarama ba ta iya kallon idon ubanta ta ce a'a.

Ciwon Inna da kumburin ƙafa ya fara. Aka ce tsayuwa ce, aka ce gishiri ne, har dai likita ya ce ƙodojinta sun gaza, sai an riƙa wanke mata jini da na'ura sau biyu a mako, Litinin da Alhamis. Asibitin da ke da na'urar yana can ƙarshen gari, sai an hau bas biyu. Zuwan da sauƙi. Dawowar ce abin tausayi, don bayan awa huɗu a jikin na'ura Inna takan fito kamar an tatse ta, ta tsaya a tasha tana jiri, a tura ta cikin bas a matse ta tsakanin mutane da kaya. Wata uku Auta tana kallon haka. Rannan ba ta yi shawara da kowa ba, ta sayar da ɗan filin da ta mallaka, ta sayi wata 'yar ƙaramar mota ruwan toka, ta hannu amma mai lafiya, ta koyi tuƙi a filin makarantarsu.

Ranar da ta kawo ta bakin rami, Mai Faci, maƙwabcinsa na shekara ashirin, ya ajiye tayar da yake liƙa ya zo yana zagaya ta.

"Malama, wannan mota ce ko akwatin ashana? In ta lalace a hanya ai sai ki sa ta a jaka ki hau bas."

Auta ta yi dariya. Mai Juye bai yi ba, don alfahari ya cika shi. Ya shafa bonet, ya buɗe, ya daɗe yana leƙen injin. An rufe shi da baƙar roba, wayoyi ko'ina, babu inda hannu zai shiga. Ya ja sandar awo ya murza.

"Juye take so," ya ce. "Hau da ita."

Auta ta hau da ita a hankali, ta kashe, ta buɗe aljihun gaban mota ta fito da wani ɗan littafi. "Baba, na duba littafinta. Sun ce man da za a zuba mata shi ne mai lamba sifili da ashirin. Ga shi ma an rubuta a murfin wurin zuba mai."

Ya dubi murfin. Lambobin suna nan kuwa. Yana da galan ɗaya na irin man a can ƙasan kanta, wani dillali ya bar masa tun bara, ba wanda ya taɓa tambaya. Ya ɗauko ya fasa, ya ɗiga a yatsa. Man ya zurare ya bi tafin hannunsa kafin ma ya murza.

"Wannan?" ya ce. "Mai Faci, zo ka ga abin da aka ce in zuba wa motar da za ta ɗauki Inna."

Mai Faci ya leƙo. "Ai shayin gidana ya fi wannan kauri."

"Na mutanen ƙasashen ƙanƙara ne," in ji Mai Juye. "Can aka ƙera motar, can aka rubuta littafin. Wanda ya rubuta bai taɓa tsayawa a cunkoso da tsakar rana a garin nan ba. Ki zuba wannan, zafi ya buga shi, ya zama ruwa, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ni ba da littafi na koya ba, 'yar nan. Da hannun nan na koya."

Auta ta sake kallon shafin. Ta buɗe baki, ta dubi Mai Faci, ta dubi direbobi biyu da ke zaune a benci suna saurare, ta dubi ubanta da mai yana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ta rufe littafin.

"To, Baba. Kai ka sani."

Ya taka kujera ya sauko da galan daga saman kanta, inda yake ajiye man da ya fi yarda da shi, mai lamba ashirin da hamsin, wanda ba ya fito da shi sai ga wanda yake ji da shi. Ya zuba a nitse, ya auna, ya ƙara kaɗan, ya sake aunawa. Ya goge bakin murfin kamar yana goge bakin jariri. A ransa ya ba motar nan mafi kyawun abin da ya mallaka.

Watannin da suka biyo baya su ne na ƙarshe da gidan ya ji daɗi. Inna takan zauna a gaba, a kwantar mata da kujera, a sa mata matashi a ƙugu. Tana dawowa ta yi barcin awa ɗaya ta tashi har ta yi faɗan an bar mata tsakar gida ba shara. Ta raɗa wa motar suna 'Yar Lele. In ta ji Mai Juye yana wanke ta da safe sai ta ɗaga labule ta ce, "Ni ka taɓa wanke mini ko takalmi?"

A wata na biyar motar ta fara wata 'yar ƙara da safe, kar-kar-kar, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sai injin ya ɗumama ta ɓace. Ta fara shan fetur, ta fara nauyi a hawa. Mai Juye ya kafa kunne a bonet ya ce man ne ya tsinke. Ya yi mata juye da irin na farko, ya ƙara da wani ɗan gwangwani na maganin ƙara kauri, mai danƙo kamar zuma, wanda ya sha kwantar da ƙarar tsofaffin tasi da shi. Ƙarar ta yi shiru kwana uku ta dawo. Sai kuma wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa.

"Motocin yanzu raki gare su," ya ce. "Ko sauro ya cije su sai su kunna wuta."

"Baba," in ji Auta, tana wasa da makulli a hannu, "ko in kai ta wurin mai na'urar nan na bayan kasuwa ya jona ya duba? Dubawa kawai."

Maganar ta soke shi inda bai zata ba. A shekarun nan ya ga yadda masu sababbin motoci ke wuce raminsa ba ko waiwaye, suna tafiya inda ake jona mota da waya a karanta ciwonta a allo. Bai taɓa faɗa wa kowa yadda abin ke masa ba.

"Ina raye," ya ce a hankali, "ki kai motarki wani ya gaya miki abin da ke damun injin? To, ki kai. Motarki ce."

Ba ta kai ba. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Wata Alhamis da hantsi yana cikin rami wayarsa ta yi ƙara. Muryar Auta ce. Motar ta yi wata ƙara mai ƙarfi a kan gada ta mutu, ta ƙi tashi. Ya fito ko hannu bai goge ba, ya hau babur ɗin haya. Ya same su a tsakiyar gadar, motoci sun yi layi a baya suna ta danna oda, mutane sun tura 'Yar Lele gefe. Inna tana zaune a kan dakalin gadar, rana ta dake ta, Auta ta kare mata fuska da jakar hannu. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin ya nutse.

Ya murza makulli. Ƙas, shi ke nan. Ya buɗe bonet, ya sa sifana ya gwada juya injin da hannu, ya danna da duk ƙarfinsa. Ko motsi. Ba sai an gaya masa ba: injin ya buga.

Kafin su sami tasi, kafin tasin ya fita daga cunkoson da motarsu ta haddasa, lokacin Inna ya wuce. Na'urorin asibitin kaɗan ne, masu jira da yawa, an ɗora wani. Nas ta ba su haƙuri ta ce sai Litinin. Kwana huɗun nan Inna a zaune ta yi su, an tara mata matasai a baya, don in ta kwanta numfashi ba ya fita.

Motar janwe ta kai 'Yar Lele garejin bayan kasuwa. Mai garejin, wanda ake kira Mai Na'ura, mutum ne ɗan shekara arba'in, mai ladabi, ya san Mai Juye da suna tun yana yaro. Ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwa. Bayan kwana biyu ya kira su, uba da 'ya, ya nuna musu injin a warwatse a kan tebur.

"Malama, dubi nan." Ya ɗaga wani ƙarfe zuwa haske. "Kin ga hujin nan? Bai fi kafar allura ba. Ta nan mai ke bi ya hau saman injin. Motocin nan na yanzu haka aka yi su, komai a matse. Shi ya sa suke son mai marar kauri. Lambar farko da ke jikin galan, yadda man ke gudu ne da safe kafin injin ya yi zafi. Ta biyu kuma kaurinsa ne in ya yi zafi. Wanda ya ƙera injin ya riga ya yi lissafin zafin, ko a ina za a tuƙa ta. Wannan da aka zuba mata, kafin ya ratsa hujin nan kowace safiya saman injin ya gama cin kansa a bushe. Ga kuma wani danƙo da aka ƙara, ya toshe rariyar da ke tace man gaba ɗaya. Sarƙar injin ta saki, ta yi tsalle, ƙarafan ciki suka gwabzu, fistin ya daki bawul." Ya ajiye ƙarfen. "Wa ya yi mata juye?"

Mai Juye ya ɗago kai. Ya ja numfashi zai yi magana.

"A hanya aka yi mini," in ji Auta da sauri. "Wani wuri ne can, ban ma riƙe shi ba."

"To ko wane ne, ya cuce ki," in ji Mai Na'ura, ya saki jiki tunda a zatonsa mai laifin ba ya kusa. "Irinsu sun cika gari. An rubuta musu a murfi ƙuru-ƙuru, amma girman kai ba zai bar su su duba ba. Abin da suka koya shekara arba'in da suka wuce, shi za su yi ta ɗura wa mutane har su mutu. Ke da kike da uba irin wannan a gida, me ya kai ki wurin 'yan kame-kame? Ko ba haka ba, Baba?"

Mai Juye ya dubi injin. Ya ga mansa, man saman kanta, ya daskare baƙi ƙirin a kowane lungu.

"Haka ne," ya ce.

Gyara ba zai yiwu ba, sai dai a sake injin ɗungurungum, kuma gidan da ke ɗauke da wankin ƙoda sau biyu a mako ba shi da wannan ƙarfin. Aka jawo motar aka ajiye a ƙofar gida, aka rufe ta da tsohon tamfol.

Aka koma bas. Auta ba ta iya barin aji kowane lokaci, don haka Mai Juye ya riƙa rufe raminsa Litinin da Alhamis yana raka Inna da kansa. Sai a lokacin ya ga abin da 'yarsa ta gani har ta sayar da filinta. Ya ga yadda kwandasta ke cewa "Mama, yi sauri mana" tana ɗaga ƙafa ta kasa kai wa matakala. Ya ga yadda take kama ƙarfen kujera da hannun da aka yi wa huji, jini yana ɓullowa ta audugar. Wata rana ta yi amai a cikin bas, wata mata ta toshe hanci ta ce a sauke su. Aka sauke su a inda babu ko inuwa.

Suna zaune a bakin kwata, yana riƙe da kafaɗarta, Inna ta ce, "Ka daina kallona haka, Malam. Ba kai ka sa mini ciwon ba."

Ya gyara mata ɗankwali.

"Kuma na ji abin da aka ce game da motar. Ina da kunne. Mota ce, ba mutum ba." Ta ɗan yi murmushi. "Da ma ta fiye raki."

Ya so ya yi dariya don ta ji daɗi, amma abin da ya fito daga maƙogwaronsa ba dariya ba ce.

Daga nan ta fara cewa yau ba za ta iya zuwa ba, a bari sai wani zuwan. A lallaɓa ta, wani lokaci ta yarda, wani lokaci ta juya fuska bango. Cikin wata na biyar da mutuwar motar, wata Litinin, aka ɗora ta a na'ura, zuciyarta ta tsaya kafin awa biyu. Mai Juye yana zaune a bencin waje da ledar kayanta a cinya.

Bayan kwanaki ya koma asibitin shi kaɗai, ya jira likitan har ya fito. Ya ce, "Likita, tambaya ɗaya. Da a mota ake kawo ta, da ba ta fashin zuwa, da tana nan?"

Likitan ya cire tabarau ya murza ido. "Baba, ciwon ya riga ya yi nisa. Wataƙila da ta ƙara wata shida, wataƙila shekara, wataƙila ko kwana ɗaya. Ba wanda zai iya gaya maka."

Da likitan ya ce masa e, da ya san abin da zai ɗauka. Da ya ce a'a, da ya ajiye. Ya fito da wannan wataƙilar, ita ce ta zauna masa.

Ya koma bakin rami, amma hannun ba na da ba ne. In ƙaramar mota ta tsaya sai ya ce man da take so ya ƙare, a gwada gaba. Tsofaffin motocin da ya sani kuwa kullum raguwa suke, wasu an yanka, wasu an hana su shiga gari. Rannan ya yi ta maza, wani matashi ya kawo mota sabuwa, Mai Juye ya ce masa, "Ɗana, karanta mini abin da littafinta ya ce." Matashin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Au, ni zan koya maka aikinka?" Ya ja motarsa ya tafi. Mai Faci, wanda ya ji komai, ya sunkuyar da kai yana ta buga tayar da ta riga ta zauna. Tun rasuwar Inna ya daina yi masa ba'a, kuma wannan ma wani ciwon ne.

Motar ta shekara a ƙofar gida, tayoyin suka sace, ɓeraye suka cinye wayoyin. Auta ta kira masu sayen tsofaffin ƙarafa. Da safen da za su zo ta yaye tamfol ɗin tana kwashe abin da ya rage a ciki: katin asibiti, ɗankwalin Inna, matashin da ake sa mata a ƙugu. Mai Juye ya fito ya tsaya a bayanta. Shekara guda yana shirya maganar.

"Auta. Ni na kashe motar nan. Ranar da kika rufa mini asiri a gareji, kamata ya yi in buɗe baki. Ki yafe mini."

Ba ta juyo ba. Ta rungume matashin.

"Baba, ni ce. Na karanta littafin nan sau uku kafin in kawo maka ita. Na tambayi malamin kimiyya na makarantarmu, ya ce kada in yarda a zuba wani mai in ba wanda aka rubuta ba. Na sani sarai. Na ga mutane a zaune a benci, na ce in na musa maka za ka ji kunya. Da fitilar ta kama ma na sani. Kai ba ka sani ba, Baba, abin da ka yarda da shi ka yi. Ni na sani na yi shiru. Na zaɓi kada ranka ya ɓaci, na bar Inna a kan gada."

"Kada ki faɗi haka. Ni na hana ki."

"Ba ka ɗaure mini hannu ba. Makullin yana jakata."

Ya tsaya yana kallon bayanta. Duk shekarar nan yana zaton shirunta fushi ne da shi, har yana ganin ya cancanta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya nemi kalmar da zai sauke mata kayan nan ya mayar kansa, ya rasa, don ya san gaskiya ta faɗa, kuma ya san wanda ya rene ta a kan ta yi shiru in yana magana. Masu ƙarafa suka iso da motarsu suna ta hayaniya, suka ce Baba a taimaka a tura. Ya sa kafaɗa ya tura tare da su.

Ba a daɗe ba gidan man ya sake hannu, sabon mai shi yana son faɗaɗa wurin. Aka ba Mai Juye wa'adin wata guda. Bai yi gardama ba. Ya raba wa tsofaffin direbobin da suka rage galan-galan ɗin da ke kanta, aka kawo tifa biyu ta ƙasa aka cike ramin. Auta ta nemi a mayar da ita wata makaranta a wani gari, aka mayar da ita. Tana kira duk ƙarshen mako. Ta tambayi lafiyarsa, ya tambayi ɗalibanta, ta ce to Baba sai an jima.

Yanzu yana gidan babban ɗansa, an ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa. Surukarsa tana kula da shi, ba abin da ya rasa. Da safe yakan share ƙofar gida ko da an ce ya bari, ya fito da kujera ya zauna. Ɗan nasa yana da ƙaramar mota fara. Duk bayan wata uku, ranar Asabar, yakan ɗauki makulli ya ce, "Baba, bari in kai ta wanki." Ya daɗe, ya dawo, ya ajiye ta a gaban kujerar tsohon, ƙanshin sabon man da aka zuba mata a wani wuri yana tashi daga bonet.

"Ta wanku," in ji tsohon.

"Ta wanku, Baba," in ji ɗan, ya shige gida da sauri.